Tsattsewar Ruwan Tiga da 'Yar'uwarta ta Bakin Teku

Duk wanda sana'a ko tafiya ta taɓa kai shi bakin dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin kaka da bazara, idan ya kasance mai lura da halittun Ubangiji, ba mamaki ya ga waɗansu ƙananan tsuntsaye farare-farare, masu dogayen fikafikai masu tsini, suna kai da kawowa a bisa fuskar ruwa, su ɗan yi sama, su sunkuyo su tsinci wani abu da baki ba tare da sun jiƙa jikinsu ba, sa'an nan su sake tashi suna fuskantar iska. Ba su da girman balbela, ba su da hayaniyar kirinjijiya, kuma babu naman da zai sa maharbi ya ɓata harsashinsa a kansu, saboda haka galibin mutane sukan wuce su ba tare da sun tambayi daga ina suka fito ba. A wannan bayani za mu kira danginsu tsattsewar ruwa, domin salon tashinsu ya yi kama da na tsattsewa, ko da yake a wajen nasaba babu abin da ya haɗa su da ita. Masana ilmin tsuntsaye suna kiran dangin Chlidonias.

Biyu daga cikin wannan dangi su ne abin maganarmu. Ta farko ita ce mai farin fiffike, wadda wani masani mutumin ƙasar Holan, Temminck, ya bayyana siffarta a shekarar 1815, kuma ita ce baƙuwar da ke sauka a tafkuna da fadamun ƙasar Hausa. Ta biyu ita ce baƙar tsattsewar ruwa, wadda Linnaeus na ƙasar Suwidin ya shigar cikin littafinsa tun 1758, wadda ita kuma ba kasafai take yada zango a ruwayenmu na tudu ba, sai a gaɓar teku. Akwai ta uku, mai farin kumatu, wadda ta ɗan fi su girma, ita ma tana ziyartarmu, amma za mu bar ta a gefe. Dalilin da ya sa muka jera waɗannan biyu shi ne, hukumar da ke auna halin da halittu suke ciki a duniya ta yanke musu hukunci iri ɗaya, alhali kuwa wanda ya bi tarihin kowace daga cikinsu zai tarar ƙaddararsu ta sha bamban ƙwarai, kuma a cikin wannan bambanci akwai izina ga mutanen da ke zaune a bakin Kogin Kano.

Tsawon kowace ɗayansu, daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, bai wuce taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya ba, watau santimita 20 zuwa 25, nauyinta kuwa kamar na ƙwan kaza guda ne. Kowace tana da tufa biyu a shekara. A lokacin ɗari, sa'ad da muke ganin mai farin fiffike, cikinta fari ne fat, bayanta ruwan toka, da ɗan baƙin ɗigo a bayan ido, da 'yan zane-zane a ƙeya. 'Yar'uwarta a wannan lokaci kusan haka take, sai dai baƙin da ke kanta ya fi yalwa, kuma tana da wani duhun tabo a kowane gefen ƙirji, daidai inda fiffike ya haɗu da jiki, wanda mai farin fiffike ba ta da shi. Da wannan tabo ne masu lura suke rarrabe su, in an yi dace ɗaya ta ɓato cikin garken ɗaya. To, amma idan watan Afrilu ya kama, zafi ya tsananta, ruwan dam ya ja da baya ya bar laka, sai ka ga baƙin gashi ya fara tsirowa ɗigo-ɗigo a farin cikin nan, yau kaɗan gobe kaɗan, har kai da ƙirji da ciki su koma baƙi ƙirin, kafaɗar fiffike da wutsiya su yi fari tas, ƙarƙashin fiffike ya yi baƙi, ƙafafu su yi ja. Wanda ya gan ta cikin wannan ado a bisa ruwan Tiga ko na Bagauda ya ga ɗaya daga cikin kyawawan tsuntsayen da ke ratsa ƙasarmu, kuma ya sani cewa tana haramar tafiya ne. Ita kuwa baƙar, jikinta yakan yi baƙi haka nan, amma fikafikanta da wutsiyarta suna zama ruwan toka, sama da ƙasa.

A wajen haihuwa, al'adarsu ɗaya ce. Ba sa yin sheƙa a kan itace ko a kan tudu, sai a tsakiyar fadama mai ruwa marar zurfi, inda suke tara ruɓaɓɓiyar ciyawa a kan tsiron da ke yawo bisa ruwa, su saka ƙwai biyu ko uku, namiji da mace su yi ta karɓa-karɓar kwanci har wajen mako uku. Suna zama jama'a-jama'a, domin idan shaho ko hankaka ya tunkaro su taso masa gaba ɗaya. Sheƙa irin wannan abu ne mai rauni: in ruwa ya ƙaru farat ɗaya ya cinye ta, in ya janye dila da sauran namun dawa su iso gare ta da ƙafa, in jirgin ruwa mai inji ya wuce igiyar ruwa ta kifar da ƙwan. Mai farin fiffike tana haihuwa daga gabashin Turai, ƙasashe irin su Folan da Hangare da Yukren, ta ratsa Rasha da tsakiyar Asiya har arewacin Sin. Baƙar tana haihuwa a Turai, yamma da gabas, da yammacin Asiya, kuma tana da wani reshe a Kanada da arewacin Amurka.

Inda suka rabu shi ne bayan an yaye 'ya'ya, sanyin arewa ya ƙarato. Baƙar ta Turai takan nufi yamma, ta taru dubbai a manyan ruwaye irin tafkin Aisalmiya na ƙasar Holan, ta ci ta yi ƙiba, sa'an nan ta bi gaɓar Tekun Atilantika zuwa Sanagal da Gana da Legas, wasu har Angola da Namibiya, kuma a can takan sauya ɗabi'a ɗungum, ta zama tsuntsuwar teku mai cin ƙananan kifaye, tana bin garken manyan kifaye da ke koro ƙanana zuwa sama. Mai farin fiffike kuwa ba ta sauya abincinta sosai. Takan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, ta sauka a Tafkin Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da kwarin Neja a ƙasar Mali, da manyan tafkunan gabashin Afirka, ta ci gaba da cin ƙwarin da ta saba, ƙudajen ruwa da tsutsotsinsu da fara, wani lokaci da ɗan ƙaramin kifi ko talibambam. Sau da yawa takan bar ruwan ma ta bi garken shanu a makiyaya, tana cafke ƙwarin da kofatansu ke tayarwa. Lalle mai hankali ba zai rasa yin tafakkuri ba a kan halitta ƙarama haka, wadda aka ƙyanƙyashe a cikin wata fadama ta Yukren, ba ta cika wata huɗu a duniya ba, amma ta kamo hanya bisa rairayin da raƙumi ke shan wahalarsa, har ta zo ta sami abincinta a gaban masuntan Tiga. Tsarki ya tabbata ga wanda ya shiryar da ita.

Hukumar da muka ambata ita ce IUCN, ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, wadda aka kafa a 1948, take da mazauni a ƙasar Suwizalan, kuma tun 1964 take riƙe da kundin da ake kira Jan Littafi, inda ake jera dabbobi da tsirrai daraja-daraja gwargwadon kusancinsu da ƙarewa. Game da tsuntsaye, ƙungiyar BirdLife International ce ke yi mata aikin tantancewa. Duka tsuntsayen nan biyu an sa su a daraja ta ƙasa, watau waɗanda ba a jin tsoron ƙarewarsu a yanzu. Ya kamata mai karatu ya fahimci mizanin da aka yi awo da shi, gama a nan ne mutane suke yin kuskure. Ana duba faɗin ƙasar da halitta ta mamaye, da adadinta a duniya duka, da saurin raguwarta, kuma ba a ɗaga ta zuwa sahun masu rauni ta fuskar raguwa sai in an ga ta ragu da kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara goma ko zuriya uku. Mai farin fiffike an ƙiyasta ta kai miliyan 3, baƙar kuwa ba ta kai miliyan 2 ba, kuma dukansu sun bazu a nahiyoyi da yawa, saboda haka bisa wannan ƙa'ida hukuncin daidai yake. Sai dai hukunci ne a kan jimla. Tsuntsuwa tana iya ɓacewa sarai daga ƙasa guda, ko ƙasashe biyar, sunanta bai gusa daga inda yake a kundin ba, muddin akwai sauranta da yawa a wani wuri mai nisa.

Abin da ya sami baƙar ke nan. A ƙasar Ingila, a zamanin da, tana haihuwa da yawa a fadamun gabas, amma da aka haƙa magudanai aka tsotse ruwan aka mai da su gonaki, sai ta daina haihuwa a can tun wajen tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yau ba ta komo ta zauna ba, sai dai ta ratsa ta wuce. A Holan, inda ta dogara ga wani tsiron ruwa mai faɗin kai wanda take ɗora sheƙarta a kansa, takin zamani da ƙazantar da ke gangarowa daga gonaki sun gurɓata ruwan a ƙarni na 20, tsiron ya mutu a wurare da yawa, manyan ƙwarin da take ciyar da 'ya'yanta da su suka yi ƙaranci, adadinta ya faɗi har abin da ya rage bai wuce ushurin na da ba. Yau akasarin waɗanda ke haihuwa a ƙasar a kan 'yan ƙananan allunan da mutane ke ƙerawa suke haihuwa, waɗanda masu aikin sa kai suke shimfiɗawa a bisa ruwa kowace shekara, su kwashe bayan an yaye. A Amurka ta Arewa ma, ƙidayar da ake yi tun 1966 ta nuna reshen can ya ragu da fiye da rabi. A wannan gefen namu kuwa, yaran bakin teku a ƙasar Gana sun daɗe suna ɗana wa tsuntsayen wannan jinsi tarko da zare da ɗan kifi, don wasa ko don ci, har a 1985 aka kafa wani shiri na ceton tsuntsayen bakin teku, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta yi wa hidima shekaru masu yawa, aka shiga makarantu ana kafa ƙungiyoyin yara, ana nuna musu cewa abin da suke kamawa baƙo ne daga nesa. Babu wanda ya ƙudura niyyar hallaka wannan tsuntsuwa a duk wuraren nan. Manomi yana neman gona, injiniya yana neman tsare ambaliya, yaro yana neman abin wasa, kowa da hujjarsa, sai da aka haɗa lissafi aka ga ɓarnar.

Mai farin fiffike ta fi ta sa'a, kuma sa'ar tana da sababi. Na farko, mafi yawan ƙasar haihuwarta tana gabas, inda har yanzu akwai manyan kwaruruka da ambaliya ke malalewa a cikinsu yadda ta ga dama. Na biyu, ba ta da naci a kan wuri guda. Shekarar da kogin Biyebja na ƙasar Folan ya cika ya batse, sai ta zo dubbai ta haihu, shekarar da ya yi ƙaranci sai ta nemi wani wuri, ko da nisansa ya kai ɗaruruwan kilomita. Wannan hali yana tsare ta daga musibar wuri ɗaya, amma yana da sharaɗi, shi ne a ko da yaushe a sami wata fadama mai ambaliya a wani gefe. Haka kuma yake wahalar da masu ƙidaya, domin idan ta yi ƙaranci a wani wuri ba a iya cewa nan take raguwa ta yi ko ƙaura.

To, ina namu rabon a cikin wannan al'amari? Tsuntsuwar nan takan yi fiye da rabin shekararta a Afirka, kuma ruwan da take rayuwa a kansa a arewacin Nijeriya, babban kaso daga cikinsa ta ƙasarmu yake bi. Kogin Kano yana tasowa daga gindin tsaunukan Jos, ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya zuba a Tiga, ya fita ya haɗu da Kogin Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya wuce Wudil, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ragowarsa ta nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. Gwamna Audu Bako, Allah ya jiƙansa, shi ya sa aka gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, mai faɗin murabba'in kilomita 178, mai ɗaukar ruwa kusan mita biliyan 2 na awon kubik a yadda aka tsara shi da fari, kuma a 1992 aka kammala na Challawa a ƙasar Ƙaraye, maƙwabciyar Kiru. Babu mai adalcin da zai musa alherin waɗannan ayyuka. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da alkama da tumatir, da shi birnin Kano yake sha, daga cikinsa masunta ke fitar da karfasa da tarwaɗa, kuma ita kanta tsuntsuwar ta sami buɗaɗɗen ruwa da rani a wurin da a da sai rairayin kogi.

Amma ruwan da aka tsare a sama, an hana shi ne ga na ƙasa. Ambaliyar da a shekarun 1960 take rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙasa da rabin haka a shekaru da yawa na bayan nan, ko da yake wajibi ne a faɗa cewa farin 1973 da na 1984 suna da nasu hannu. Wani abu kuma ya biyo baya wanda ba a yi tsammani ba. A da kogi yakan cika da damina ya bushe da rani, kuma bushewar nan ita ke kashe ciyawar da ba a so. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki mai cin gero da shinkafa. Tsattsewar ruwa ba ta da abin yi da dajin kacala, gama ita ruwa marar zurfi take nema, mai bado da burugu, wanda rana ke ratsawa ƙwari su hayayyafa a cikinsa, watau irin ruwan da masunci da makiyayi da mai shinkafar fadama su ma suke nema. Masana tattalin arziki da suka yi bincike a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa amfanin da ake samu daga awo guda na ruwa idan aka bar shi ya malala a fadama, in an haɗa kifi da kiwo da itace da noma, ya fi wanda ake samu daga gare shi a filin noman rani, kuma tun lokacin suke ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun biyu a tsakiyar damina domin a kwaikwayi ambaliyar da. A ganina shawara ce ta gaskiya, kuma ba ta nufin a rage wa manomin Kadawa haƙƙinsa. Abin da take nema shi ne a daina asarar ruwa a lalatattun magudanai, a kuma yi rabo da ilmi.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da hannunmu. Tsuntsuwar da abincinta ƙwari ne, duk gubar da aka zuba wa ƙwari a cikinta take ƙarewa. Maganin feshin da ake kwarara wa tumatir da shinkafa fiye da kima yana komawa magudana, daga magudana zuwa kogi. Masu zuba gamale a ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe suna kashe har ƙwai da tsutsar da kifin baɗi zai ci, kuma wannan fasadi ne wanda sarakunan ruwa suka fi kowa ikon hanawa. Feshin jan baki da jirgin sama, idan an yi shi a bakin ruwa ba da lura ba, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Saran itace a Falgore, dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa aka kuma mai da shi gandun namun daji, yana sa ruwan sama ya kwaso ƙasa ya jibge a cikin dam, ya rage masa zurfi, ya turɓune shi.

Kiyaye irin waɗannan wurare ba baƙon abu ba ne a shari'armu. Malaman fiƙihu sun yi babi a kan harimin rijiya da na kogi, watau kewayen da ba a yarda wani ya mallake shi ya cuci jama'a ba, sun kuma yi magana a kan ƙasar da shugaba ke keɓewa don maslahar kowa, wadda mu muka sani da hurumi, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya yi talifi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita. A zamanance ma Nijeriya ta ɗauki alkawari. Tana cikin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 a kan kiyaye fadamu, tafkin Nguru ne wuri na farko da ta shigar a ƙarƙashinta a shekarar 2000, kuma tana cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda ta ƙunshi tsuntsayen nan biyu. Alkawari kuwa abin tambaya ne.

Abin da mutanen Ingila suka rasa a lokacin da baƙar tsattsewar ruwa take ƙarewa a fadamunsu shi ne ƙidaya ta shekara-shekara da za ta farkar da su da wuri. Mu muna da damar da ba su samu ba. Kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, aikin da aka fara a 1967, kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos, wadda take horar da matasanmu, take kuma jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda kowane mai sha'awa yake iya aika abin da ya gani ta wayar hannu. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, illa madubin hangen nesa guda, da littafin rubutu, da haƙurin tsayawa a wuri ɗaya a rana ɗaya ta kowace shekara. Muna roƙon malaman kimiyya na makarantun sakandare a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su nemi izinin sarkin ruwa na yankinsu, su ɗauki ɗalibai goma zuwa bakin Tiga ko Bagauda a Janairu mai zuwa, su ƙirga abin da suka gani, su rubuta kwanan wata da wurin, su aika wa cibiyar Jos, sa'an nan su koma baɗi su sake.